Kunun Daso Mai Kwana Uku

Da sunan Allah za a fara. Duk wanda ya taɓa zama unguwar Tahaggart a nan Tamanrasat, ko wata guda ne, ya san Daso mai kunun zaƙi. In bai san fuskarta ba, to ya san bidonta, jarkar kunu ke nan: shuɗi, an naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu, yana jingine da bangon butik ɗin Sharifu, shagon da ke daidai kwanar da ke zuwa masallaci.

Ƴar Mirya ce, ƙasar Damagaram. Wurin kakarta ta koyi kunu, tun tana hawa turmi a kife kafin hannunta ya kai bakin tukunya. Mijinta Malam Jaji ya girme ta sosai. Ya yi yawon neman abinci a arewa shekaru da yawa kafin ya koma gida ya ganta ya ce yana so, ita ma ta ce ta ji ta gani. Shi ya kawo ta garin nan, yau shekara talatin da ɗoriya. Yana gyaran takalma a bakin kasuwa, kuma shi ne ladanin ƙaramin masallacin unguwa. Mutum ne mai shiru. Sai ka wuni da shi ba ka ji muryarsa ba sai in lokacin salla ya yi. Allah ya ba su ƴaƴa shida, ya karɓi biyu, Allah ya sa masu ceto ne. Huɗun nan da suka rage kuwa, kunu ya kai su lekkol, makarantar boko, kunu ya yi wa matan kayan ɗaki.

Kunun nata ba irin na kowa ba ne. Hatsin gida take jira, wanda kamiyoyi, manyan motocin kaya, ke kawowa. In ya yanke gara ta zauna da ta taɓa na wani wuri. Ta jiƙa, ta ware kaɗan ta rufe da tsumma har ya yi tsiro. Citta, kanumfari, masoro ɗan kaɗan. Sukari ba ya shiga tukunyarta, dabinon garin Tit take dakawa ta zuba. In ta tace, sai ka gan shi duhu-duhu, ba fari ba, ba ja ba, kamar ruwan kori, rafin damina, ranar da ya fara zuwa. Ta kan ce kunun da ake hango gindin kofi ta cikinsa ruwan wanke-wanke ne.

Abu biyu Daso ke taƙama da su a duniya. Na farko, tun zuwanta garin nan ba azumin da ya wuce ba ta aika bido guda masallaci kullum don buɗa-baki ba, sadaka. Na biyu mijinta. In mata suka zauna ana ƙorafin maza, wannan ta ce nata sigari, waccan ta ce nata karta, sai Daso ta gyara kallabi ta ce, "Ni dai alhamdulillahi. Bakin Malam ba abin da ya sani tun yana yaro sai kiran salla da goro." Maƙwabciyarta Barira ta ji wannan magana har ta iya faɗinta tare da ita.

To, bazarar bara aka yi abin.

Mukhtar direba, mai kai siminti ƙauyukan duwatsu, ya sayi kunu cikin bido mai lita biyar zai tafi Martutak. Ya tura shi bayan kujera, ya manta. Kwana uku kunun nan yana zaune cikin kan mota, rana ta dafa shi, hanya ta girgiza shi. Da ya dawo yana neman sifana sai ya ci karo da bido ya kumbura kamar tumbin rago. Ya murɗa marfi, ya ce fuuus! Mukhtar kuwa mutum ne da ba ya iya zubar da abinci. Bai karya ba tun safe, ga ƙishi. Ya yi bisimilla ya kafa kai, bai ajiye ba sai da ya ga gindi.

Daga nan ya wuce sallar la'asar. A raka'a ta biyu shaƙuwa ta kama shi, a ta uku dariya. Ana sallamewa ya juya ya rungume Sharifu, wanda suka shekara biyu ba sa ga-maciji, ya ce, "Sharifu, wallahi ina ƙaunarka. Kai ɗan'uwana ne, ko da yake ma'auninka ba ya cika." Ya fita ya sara wa wani jandarma da ke wucewa, sannan ya shige ƙarƙashin kamiyonsa ya yi barci.

Kafin Daso ta wanke tukunya labari ya gama wayoyin unguwa: kunun Daso yana bugarwa.

Kashegari ta fito ta zauna inda ta saba. Masu sayenta na kullum suka riƙa wucewa suna kallon bangon ɗaya gefen kamar an rubuta wani abu a jiki. Barira ba ta aiko da kwanonta ba. Daso ta daure. A rana ta uku kuma sai ga wasu samari a kan moto mai ƙafa biyu, da baƙin tabarau, ba ta taɓa ganinsu ba. Ɗaya ya sauko ya duƙa ya rage murya.

"Hajja, saha. Akwai na kwana ukun?" Ya kashe mata ido ɗaya.

Ludayi ta jefe shi da shi. Ta ɗauki bidonta ta koma gida, ta kife tukunya a tsakar gida, ta zauna kusa da ita tana kuka.

Kada wani ya ce kasuwa take wa kuka. Abin da ya dame ta shi ne azumi. In har akwai abin a cikin kununta, to shekara talatin ke nan bayin Allah suna wuni da ƙishi su buɗe baki da haram, daga hannunta, ita kuma tana zaton lada take tarawa. Me za ta ce ranar tsayuwa? Ta yi rantsuwa ba za ta ƙara jiƙa hatsi ba sai an tabbatar mata. Malam Jaji ya dawo ya ga tukunya a kife, ya dube ta, ya dubi matarsa, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya ɗauki butarsa ya fita.

Ta fara gwadawa da akuyarta. Ta ajiye sauran kunu a rana ya kwana uku, ta ba ta. Akuya ta shanye, ta haye kan katanga, ta cinye rigar da aka shanya, ta tunkuyi ƙofa. Amma haka akuyar nan take yi kullum tun tana ƴar ƙarama, ba a gane komai ba.

Sai ta yafa mayafi ta tafi wurin Malam Zakiyyu, ɗan Agadas, wanda ke karantar da yaran unguwa, shi ne kuma liman. Ta durƙusa daga bakin zaure ta faɗi damuwarta.

"Inna Daso," in ji shi, "hukuncin a fili yake. Abin da ke gusar da hankali an hana, wanda ba ya gusarwa an halatta. Littafi ya gaya mini wannan. Amma littafi ba shi da harshe, ba zai ɗanɗana kununki ya gaya mini ko wanne ne ba. Sai mun nemo mai harshe."

Ya ce ta dama na gwaji, rantsuwarta ba ta hana wannan ba. Kashi uku: na ranar, da wanda ya kwana ɗaya, da wanda za a sa bayan kujerar Mukhtar ya yi kwana uku cif, kamar yadda aka yi da fari.

Ranar Alhamis bayan la'asar zauren Malam ya cika har waje. Mutanen da ba a taɓa gani a wurin karatu ba, ran nan sun zo da wuri sun kama gaba. Daso tana bayan labule ta ƙofar cikin gida tare da matar Malam, carbi a hannu, tana leƙe ta wata ƴar huda. Ta hango mijinta can kusurwa wajen takalma, inda ya saba zama. Aka jera bido uku a kan tabarma. Na ukun ya yi ciki.

Malam ya yi addu'a, ya ce, "Jama'a, baiwar Allah nan tana son ta san matsayinta. Wanda duk ya san warin giya, ko ɗanɗanonta, ya matso ya taimaka mana."

Tsit. Kowa ya sami abin kallo a yatsun ƙafarsa.

"Ba cewa na yi yanzu yake sha ba. Ko a da, zamanin ƙuruciya."

Wani ya yi tari, ya ga an juyo ana kallonsa, ya ce, "Mura ce, wallahi mura ce."

Sharifu ya gyara zama. "Allah gafarta Malam, ni dai na taɓa wucewa ta ƙofar wani otel a Waharan. Amma na toshe hanci, kuma da gudu na wuce."

"To ka san warin?"

"Ina fa! Ai na toshe."

Mukhtar ya ɗaga hannu. "Malam, abu mai sauƙi. A ba ni na ukun in sake shanyewa, kowa ya gani da idonsa."

"Kai zauna!" in ji Sharifu. "Haƙarƙarina bai warke ba."

Yunus mai gyaran waya ya ce a sayo giyar gaskiya, buteli ɗaya, a gwada su gefe da gefe. Zaure ya ɗauki a'uzubillahi. Wa zai saya? Wa zai ɗauko a hannunsa ya ratso unguwa? A kofin wa za a zuba? Yunus ya ce shawara ce kawai, shi bai ma san inda ake sayarwa ba. Wani daga baya ya ce, "Bayan tashar manyan motoci," sannan ya yi shiru kamar an shaƙe shi. Ba a gane ko wane ne ba.

Aka ce to a kira wani mai walda ɗan Kwatano da ke bakin titi, tun da shi ba musulmi ba ne. Mutum biyu suka tafi, suka dawo da sauri. Ashe a cocinsu ko kusa da ita ba a zuwa. Ya ce sun raina shi, ya biyo su da ƙarfe a hannu.

Rana ta fara sauka. Malam Zakiyyu ya shafa gemu ya yi ajiyar zuciya. "To. Tun da Allah ya albarkace mu da unguwar da ba wanda ya taɓa ko sansanawa," ya bi fuskoki da kallo, "ba ni da shaida. In ba shaida, abin da ake shakka barinsa ya fi. Inna Daso, sai dai ki yi haƙuri da sana'ar nan..."

Carbi ya faɗi daga hannun Daso. Ba a ce ta ciyar da haram ba, ba a kuma ce ba ta ciyar ba. Haka za ta zauna da shi har kabari.

Sai aka ji gyaran murya daga wajen takalma.

"A ba ni gilashin shayi," in ji Malam Jaji. "Wanda ake gani ta cikinsa. Guda uku, a ɗauraye su."

Mutane suka buɗa masa hanya ba tare da sun san sun buɗa ba. Ya zo ya zauna gaban bidunan, ya naɗe hannun riga.

"Malam Jaji," in ji liman a hankali, "ka ji abin da na tambaya kuwa?"

"Na ji, Allah gafarta Malam. Na yi wa Turawan ma'adini kuku a Arlit. Shekara tara. Ba dafa abinci kaɗai na koya ba, Allah ya yafe mini."

Matar liman ta kama hannun Daso ta riƙe gam.

"To ka taɓa da harshe ka tofar," in ji liman. "Kada ka haɗiye."

Aka zuba na farko. Jaji ya ɗaga gilashi wajen hasken ƙofa, ya karkata shi, ya ɗan juya, ya sa hanci. Daso ta shekara talatin tana ba mutumin nan kunu, ba ta taɓa ganin ya riƙe kofi haka ba. Ya kurɓa, ya wuce da shi.

"An ce ka tofar!" in ji Sharifu.

"Wannan ai jariri ne. Hatsi ne da dabino da citta. A ba mai jego."

Na biyu ya daɗe a bakinsa. "Ya fara tsami, amma tsamin kirki, irin na furar da ta wuni. Ba abin da zai yi wa mutum sai gyatsa."

Aka murɗa marfin na uku, ya ce fuuus, kumfa ta biyo. Jaji ya ɗaga shi a haske. "Ku duba ƙasa. Kun ga ƴan ƙwayoyin nan suna tasowa ɗaya bayan ɗaya? Na farko da na biyu ba su da su." Ya sansana, ya ɗan runtse ido. "Kankana da aka manta a mota." Ya taɓa da harshe, ya tofar cikin kasko, ya kurkure baki har sau uku. "Wannan ya bar gida. Ya tashi daga kunu, bai gama isa can ba. Kamar matafiyi ne a kan iyaka: ya wuce Asamaka, yana hango Ingizam. Kofi ɗaya ba zai taɓa kowa ba. Amma bido guda, ciki wayam, ga rana, to dole a rungumi Sharifu."

Aka fashe da dariya. Da ya tsaya nan da shi ke nan. Amma bakin da ya shekara talatin a rufe, ran nan ya sami ƙofa.

"Kuma ko a can ɗin ba za a ba shi maki ba. Kumfarsa ba ta da ƙarfi, kun ga har ta kwanta. Ta kirki kumfarta yatsa biyu ce, tana kama jikin gilashi har a gama. Akwai wadda babban injiniya ke sa a kawo masa daga ƙasarsu, ita ma duhu-duhu haka, ba a hango komai ta cikinta, sai ka ji kamar ɓawon lemo a gaba, ɗaci kuma sai daga baya yake zuwa, a hankali, in ta yi sanyi daidai, ba sanyin firigo mai kashe harshe ba..."

"Malam Jaji."

"...ita kuwa burkutun mutanen kudu..."

"Malam Jaji! Ya isa. Mun gamsu."

Jaji ya dubi gilashin da ke hannunsa, ya ajiye shi a hankali, ya yi istigfari.

Liman ya yanke hukunci. Na ranar halal, na kwana ɗaya halal, na kwana uku a zubar, tun da mai yawansa na juya kai. Ya ɗaga murya wajen labule: "Inna Daso, kin taɓa kai wa masallaci kunun da ya kwana uku?"

"Ko kwana ɗaya ban taɓa ba!" in ji ta daga bayan labule. "Da zafinsa nake tacewa!"

"To azumin mutane lafiya lau, ladanki na nan in Allah ya so. Laifin na bayan kujerar Mukhtar ne."

Sharifu bai haƙura ba. "Allah gafarta Malam, to batun ladanci fa? Mutumin da ya san yatsa biyu..."

"Yaushe ka bari, Malam Jaji?"

"Sati guda kafin in je neman aurenta. Ban ƙara ba."

"Allah ya karɓi tuba tun kafin a haifi rabin zauren nan, ni ne zan ƙi karɓa? Gobe shi zai kira asuba. Kuma lokacin da aka buɗe bido na uku ina kallonku. Na ga hanci biyar sun motsa irin motsin wanda ya gamu da tsohon aboki. Ban kira suna ba. A tashi."

Ba a taɓa watsewa da sauri irin na ran nan ba.

A hanyar gida Daso na gaba, Jaji na baya da bido biyu. Kwana biyu tana ajiye masa tuwo ba ta ce ci kanka ba. A na uku da hantsi yana ɗaure kayan aikinsa ta tsaya a kansa.

"Shekara tara, Malam?"

"Da wata huɗu."

"Ka bar ni ina cika baki gaban Barira! Kiran salla da goro! Kana jina ta katanga!"

"Na ga kina jin daɗin faɗi ne."

"To me ya sa ka tona? Da ka yi shiru wa zai sani? Ga Sharifu can yana ta yawo da kai."

Ya juya zaren ɗinki a yatsa. "Na ji ki kina roƙon Allah gafarar abin da ba ki yi ba. Ni kuma na san amsar, tana cikin bakina. Sharifu ya yi ta yawo."

Daso ta gyara kallabi. Ta juya ta nufi tukunyar da ke kife, ta kori akuya daga kanta, ta tayar da ita, ta auno hatsi.

Yanzu bidon shuɗi ya koma jikin bangon butik. Barira ta dawo da kwanonta, ta kuma yi ƙoƙari ƙwarai, sau biyu kaɗai ta ambaci goro. Direba ba ya samun bido a wurin Daso ko zai yi kuka. Sai dai ya sha a gabanta ya ba ta kofinta. Abin da ya rage da yamma na maƙwabta ne, ba ya kwana. Samarin moto sun ƙara zuwa sau ɗaya, ta ce su jira ta kira musu ladan ya yi musu bayani, ba su jira ba.

Kullum da safe kuwa, in ta tace, ludayin farko cikin gilashin shayi yake shiga. Ta miƙa wa Malam Jaji ta tsaya, hannu a ƙugu. Shi kuma ya ɗaga wajen haske, ya karkata, ya sa hanci, ya kurɓa.

"Yau cittar ta ɗan fito gaba, dabinon kuma sai daga baya yake..."

"Malam. Halal ko haram na tambaye ka."

"Halal."

"To ba ni gilashina, mutane na jira."